Ranar da Na Ƙi Tayar da Inji a Gaban Darakta

Cikin shekarun da na yi ina kula da injinan jirgin ruwa, ranaku da yawa sun shige ban riƙe komai daga cikinsu ba. Amma akwai wata Laraba ta watan Afrilu, a sitonmu na Gumel, da har gobe ba ta bar raina ba. Tun da kun ce in ba ku labarin aiki kafin in miƙa makullai in koma gida, wannan zan ba ku, don ita ce ranar da na kusa rasa aikin gaba ɗaya.

Na san tambayar da baƙo zai fara yi: me ya kawo injin jirgin ruwa Gumel, garin da yawancin mutanensa ba su taɓa ganin kwale-kwale ba sai a hoto? Na sha wannan tambaya har ta daina yi mini zafi. Abokaina na Maigatari, in mun haɗu a kasuwar Alhamis, tun daga nesa suke ɗaga hannu suna cewa, "Sarkin Ruwa, yaya kogin naku, ya kawo?" A Gagarawa kuwa, inda aka haife ni, kawuna har ya koma ga Allah bai yarda cewa wannan ne aikina ba. Shi a ganinsa injin niƙa nake gyarawa, girman kai ne ya hana ni faɗa.

Amsar ba ta da wuya. Ma'aikatarmu, ba sai na kama sunanta ba, tana da jiragen ceto guda shida da ake aiki da su a ƙauyukan bakin kogi ta wajen Haɗeja, in damina ta yi ƙarfi ruwa ya raba mutane da hanya. Idan ruwa ya janye, sai a kife jiragen a can, a kwance injinan a loda su a mota a kawo mana. Irin injin nan ne da ake maƙalawa a bayan jirgi, kansa a sama, ƙafarsa mai farfela, wato fankar da ke tura jirgi, a cikin ruwa, ƙarti biyu suna iya ɗaukarsa. An zaɓi Gumel ne saboda muna da sito babba, ƙasarmu busasshiya ce babu danshin da zai kawo tsatsa, kuma a nan ba wanda zai saci abin da bai san inda zai kai shi ba.

Ni ne makanikin da ke karɓarsu. Da gyaran babur na fara, na koma injin ban ruwa, daga baya aka tura ni Yawuri na yi shekara biyu a hannun wani dattijo da ya tsufa a wannan sana'a. Sa'ad da abin nan ya faru ina mataki na shida, ina jiran ƙarin girma zuwa na bakwai, wanda shi zai mai da ni fomen, wato shugaban makanikai. Sunana yana cikin waɗanda za a duba a wannan shekara, kuma na daɗe ina jira.

Aikinmu na rani ba gyara ba ne, don babu abin da ya lalace tukuna. Rigakafi ne. Inji in ya iso, sai a tsayar da shi a kan jakin katako, ba a kwantar da shi yadda aka ga dama. A tsiyaye fetur ɗin da ya rage a kafireta, don in ya yi wata biyar a ciki sai ya zama danƙo ya toshe hanya. A cire fulogi a goge, a ɗiga ɗan mai a raminsa. A kwance farfela, don kusan kullum sai ka tarar zaren komar masunta ya nannaɗe a bayanta yana cin robar da ke tare ruwa. A zuba man giya a kwano a dube shi: in ya fito baƙi, lafiya, in ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, akwai aiki. Sai giris a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Bayan wannan kuma sai gadin ɓera da zanzaro. Ɓera yana cin waya, shi kuwa zanzaro ba shi da wurin gini da ya fi so kamar 'yar kafar da ruwa ke fita ta bayan inji.

Amma babban abin lura wata 'yar roba ce da ke cikin ƙafar inji, can ƙasa kusa da farfela. Imfela muke ce mata. Faɗinta bai wuce bakin kofin shayi ba, tana da fukafukai shida. Ita ke zuƙo ruwan kogi ta tura shi sama ya zagaya inji ya sanyaya shi, kuma ruwan da take turawa shi ke jiƙa ta ita ma. In aka tayar da inji babu ruwa, sai ta riƙa gogar busasshen gidanta da gudu, cikin ɗan lokaci ta yi zafi ta ƙone, fukafukan su kakkarye. Abin takaicin shi ne inji ba ya nuna komai a lokacin, kukansa garau. Shi ya sa dokar farko a wannan aiki ita ce ba a tayar da shi a tudu sai an tsoma ƙafarsa a duro cike da ruwa, an kuma ga ruwan yana tsartuwa ta baya.

Mu kuwa mutanen tudu da kunne muke sanin inji. Je ka Sule Tankarkar ka tsaya wajen mai sayar da janareto ko injin markaɗe, abin da za ka ji mai saye ya ce ke nan: "Tayar mu ji." In ya yi kuka mai daɗi, ciniki ya faɗa. Haka muka tashi muka gani. Ni ma haka na je Yawuri da halina, sai da dattijon nan ya buge mini bayan hannu da sifana sau biyu kafin na daina kai hannu ga igiyar tayar da inji.

Shugaban ofishinmu na Gumel a lokacin Malam Lawan ne. Ɗan gari ne, gidansu gidan ma'aikata ne tun kakanni, mutum mai tsabta da tsari, takarda ba ta kwana a teburinsa. Ba mugu ba ne, kada wani ya fita nan ya ce na ce mugu ne. Amma abin da ya sani game da inji bai wuce janareton gidansa ba. A wannan shekara aka yi ta raɗe-raɗi a hedikwata wai injinan da ke Gumel duk sun mutu, wasu ma suka ce an tsallaka da biyu Nijar an sayar. Maganar ta ƙona masa rai, ni ma ta ƙona mini. Sai aka aiko cewa Darakta da kansa zai zo ranar Laraba ya gani da idonsa.

Ranar Litinin Malam Lawan ya kira ni ofis.

"Malam Habu, injinan nan duk suna tashi?"

"Duk shida, ranka ya daɗe. Makon jiya na gama sa musu sababbin robobi, na gwada su ɗaya bayan ɗaya a duro."

"Madalla. Ranar Laraba ina so a jera su a fili a tayar da su gaba ɗaya. Darakta ya ji da kunnensa, masu surutu su ji kunya."

Na ce masa hakan ba zai yiwu ba. Duro ɗaya gare mu, inji ɗaya yake ɗauka. In yana so, a riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya ana tsomawa ana tayarwa, abin zai ci kamar awa guda. Na yi masa bayanin robar nan kamar yadda na yi muku yanzu. Yana saurarona yana sa hannu a wasu takardu.

"Darakta ba shi da awa guda," in ji shi. "Minti biyu kawai nake nema. Minti biyu ba ya kashe inji."

"Wannan yana kashe shi, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya kai mu."

Na fita ina zaton ya ji. Nan na yi kuskurena na farko, ban rubuta masa ba. A aikin ofis, maganar da ba ta hau takarda ba kamar ba a yi ta ba ne.

Ranar Laraba na iso da wuri na tarar an share fili fes, an shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an jera injinan shida a kan jakunansu an goge su suna ƙyalli. Har tankunan fetur an sa direbobi sun jona musu. Duro ne kawai babu. Baba Iliya, dattijon da ke riƙe da makullin sito, ya nuna mini bayan gini da haɓarsa. Can na same shi a kife. Malam Lawan ya ce tsatsarsa za ta ɓata wuri, ruwan da ke ciki kuma aka yayyafa a fili don ƙasa ta kwanta. Ga shi tsakiyar bazara ce, famfo ya yi kwana huɗu bai kawo ba. Na fita da kaina neman mai kura, na tarar 'yan garuwa duk suna layi a rijiyar burtsatse, ba wanda zai iso mana kafin azahar. Darakta kuwa ƙarfe goma ya iso.

Motoci uku ne. Ya sauko, dogo mai fara'a, ya gaisa da kowa har da ni. Malam Lawan ya yi ɗan jawabi, ya nuna injinan da hannu, sannan ya juyo gare ni.

"Malam Habu, bismilla. Fara da na farko."

Na mai da hannuwana baya na riƙe. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya riga ya ɓaci tun da na ga duron nan a kife.

"Ranka ya daɗe, babu ruwa. Ba zan tayar ba."

Malam Lawan ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kada ka kunyata ni a gaban baƙi. Ja igiyar nan, ma yi magana daga baya."

Da na yi shiru a nan, ko kuma da na juya na yi wa Darakta bayani cikin ladabi, da wataƙila ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma bakina ya riga hankalina. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yallaɓai, wannan ba janareton gidan biki ba ne da za a kunna don mutane su ji daɗi. Rayuka ake ɗorawa a kansa."

Wani direba ya fara dariya ya gimtse. Darakta ya daina murmushi. Malam Lawan ya cika ya yi fam, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya nufi inji na huɗu da ya fi kusa da shi, ya fizgi igiya. A ja na biyu ya tashi. Dole ya tashi, aikina ne. Ya murɗa masa wuta, injin ya yi ruri ya cika wurin, mutane suka shiga tafi. Ni kuwa ina tsaye ina ji kamar naman jikina ake yanka, don na san abin da ke faruwa a cikin ƙafar nan. Na jure iya jurewata, sannan na taka na kai hannu na kashe shi. Na koma na tsaya tsakanin Malam Lawan da sauran biyar.

"Wanda zai taɓa waɗannan, sai dai ya ture ni."

Darakta ya dubi Malam Lawan ya ce, "Ashe suna tashi. Wannan ma'aikacin naka fa, lafiyarsa?" Bai jira amsa ba ya shiga mota.

Kafin la'asar takardar tuhuma ta same ni. Ga wanda bai san aikin ofis ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci ya kare kansa a rubuce cikin kwanakin da aka yanka masa. Laifi biyu aka ɗora mini: ƙin bin umarni, da cin mutuncin shugaba a gaban baƙi. Aka dakatar da ni har kwamiti ya zauna, aka karɓi makullin shagona. Wanda aka kama da waɗannan biyun tare, kora ce makomarsa, kowa ya san haka. Kafin in fita na roƙi Baba Iliya abu ɗaya, kada ya bar kowa ya taɓa inji na huɗu.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba Iliya ya biyo ni gida. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo ruwa ya sha, ya gyara zama.

"Habu, ka ji maganar tsoho. Lawan ɗan mutunci ne, zafin kunya ne ya ɗebe shi. Mu ɗauki liman mu je gidansa, ka durƙusa ka ba shi haƙuri. Ya janye takarda, ka koma aiki, ka canza 'yar robarka shiru, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani. Kai fa mai iyali ne."

Gaskiya ya faɗa. 'Ya'ya bakwai gare ni a lokacin, ga mahaifiyata a Gagarawa tana hannuna. Kuma haka ake kashe magana a garinmu, sau da yawa ma shi ne daidai.

"Baba," na ce, "in na canza ta shiru, me aka koya? An tayar da inji a tudu, an yi tafi, kuma damina ta zo inji ya je ruwa ya yi aiki lafiya. Kowa zai ce ai ga shi nan, Habu ne da neman magana. Baɗi in wani babba ya zo, duk shidan za a tayar, wataƙila ni ba na nan. Wa zai bi bayansu ya canza?"

"Kai dai akwai taurin kai."

"Akwai, Baba."

Ya girgiza kai, ya miƙe yana neman takalmansa. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Injin nan na huɗu na ɗaure shi da sarƙa. Makullin yana aljihuna, ko Lawan ya tambaya zan ce na manta shi a gida."

Amsar da na rubuta ba ta wuce layi biyar ba. Na amsa cewa na ƙi bin umarni, na faɗi dalili, na roƙi a buɗe ƙafar inji na huɗu a gaban kwamiti. Sai na ƙara layin ƙarshe, cewa in aka sami robar lafiya, na yarda a kore ni. Bayan na miƙa takardar ne na gane kasadar da na yi. Robar sabuwa ce fil. Da zan sa ta na shafa mata ɗan mai don ta zauna daidai, kuma injin bai daɗe yana gudu ba. A Yawuri na taɓa ganin wadda ta tsira daga irin haka. Kwana goma sha ɗaya na yi a gida, maƙwabta suna tambaya ko hutu nake, mai ɗakina tana ajiye mini abinci ina tashi in bar shi. Na ji tsoro ƙwarai. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani da na ja igiyar ba.

Kwamitin mutum uku ne daga hedikwata. Shugabarsu Hajiya Rabi ce, mai kula da harkokin ma'aikata, mace mai ƙarancin magana, tabarau a karan hanci. A ofis aka fara. Malam Lawan ya ba da nasa bayani, kuma tsakani da Allah, bai ƙara ba bai rage ba. Har maganarmu ta Litinin, wadda ba ni da shaida a kanta, shi ya faɗe ta da bakinsa. Da ya gama, Hajiya ta ɗago takardata ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam Habu, ka san abin da ka rubuta? Ba wanda ya ce ka ɗora aikinka a kan roba."

"Na sani, ranki ya daɗe."

"To, mu je mu ga robar."

Baba Iliya ya kwance sarƙa. Na roƙi Hajiya ta duba kusoshin ƙafar da kanta ta ga ƙurar da ke kansu, don kada a ce an taɓa. Ta duba, ta ce in ci gaba. Na raba sandar giya, na kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya, wani direba ya tallafe mini ƙafar muka zare ta muka ɗora a tebur. Saura kusoshi huɗu na murfin da robar ke ciki. Ina kwance na uku wari ya buge ni, warin ƙonanniyar taya.

Na ɗaga murfin. Fukafukai biyu sun guntule gaba ɗaya. Sauran huɗun sun ƙandare sun lanƙwashe, bakinsu ya narke ya manne da bangon gidan. Na ciro ta na ɗora a tafin hannun Hajiya, na ɗauko sabuwa daga sito na ajiye a gefenta. Sannan na zura waya a bututun da ke kai ruwa sama na zaƙulo guntu ɗaya da ya maƙale a ciki.

Ta jujjuya su biyun ta daɗe. "Da an kai shi ruwa a haka fa?"

"Zai tashi, ranki ya daɗe. Zai bar gaɓa lafiya lau, matuƙi ba zai ji komai ba. Sai ya loda mata da yara ya kai tsakiyar ruwa, inji ya ɗau zafi ya kame. Daga nan sai inda ruwa ya kai su."

Malam Lawan ya miƙa hannu ya karɓi ƙonanniyar, ya danna ta da babban yatsa, wani gefe ya ɓantare ya faɗi ƙasa.

"Ban san haka abin yake ba," in ji shi a hankali.

"Na faɗa maka, ranka ya daɗe."

"Malam Habu," Hajiya ta katse ni, "ka faɗa masa, mun ji. Bakin nan naka shi ya kawo mu nan, ka ba shi hutu."

Bayan mako biyu hukunci ya fito. Aka mai da ni bakin aiki. Aka fitar da umarni a rubuce cewa daga ranar ba a tayar da injin jirgi a tudu sai cikin ruwa, ko wa ya zo, kuma makaniki ne mai cewa a tayar. Malam Lawan ba a ce masa komai ba. Ni kuwa aka haɗa mini da takardar gargaɗi, wadda za ta zauna a fayil ɗina, kuma mai irin wannan takarda ba a duba shi a ƙarin girma na wannan zagaye. Na karanta ta a tsaye, raina ya yi baƙi ƙirin. An ga robar, an taɓa ta da hannu, amma ni ne mai laifi.

Hajiya Rabi ta kira ni hedikwata. Ta ce ba ta son ganin ma'aikaci irina ya tsaya wuri ɗaya, akwai hanya. Ta turo mini wata takarda da aka riga aka buga. In na sa hannu, a cire gargaɗin, sunana ya koma jeri. Na karanta. An rubuta cewa na yi nadamar kalaman da na yi, na kuma yi nadamar ƙin bin umarnin shugabana, ba zan sake ba.

"Ranki ya daɗe, rabin farko gaskiya ne. Maganar janareton biki ba ta dace ba, babba ne, kuma a gaban baƙinsa. Zan je har gida in ba shi haƙuri. Amma rabi na biyu, in na sa hannu na yi ƙarya. Gobe in aka ce in ja igiyar nan a tudu, zan sake ƙi."

"Haka ake rubuta ta, Malam Habu. Kowa ya san ba har zuci ba ne."

"To a goge layin, in sa hannu."

"Ba ni da ikon gogewa."

Na tura mata takardar da hannu biyu, na yi godiya, na fito na hau motar Gumel. A hanya na yi ta tunanin abin da zan gaya wa mai ɗakina, don ta riga ta sa rai. Washegari na je gidan Malam Lawan ni kaɗai, ba liman ba kowa, na ba shi haƙuri a kan bakina. Ya karɓa, ya ce shi ma a yafe masa. Bai daɗe ba ya sa aka gina mana kwarmin siminti a bayan sito mai ɗaukar inji biyu, kuma har aka canza masa wurin aiki bai taɓa barinsa ya bushe ba. Fomen kuwa sai da na ƙara shekara uku kafin na zama, wanda na koya wa riƙe sifana ya riga ni.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku ci gaba da wannan aiki, shi ne aikin rigakafi ba shi da mai yabo. In inji ya mutu a tsakiyar ruwa ka je ka tayar da shi, kowa zai san sunanka. In ka zauna cikin zafin bazara ka hana shi mutuwa, ba wanda zai san ka yi komai, har a riƙa tambaya me kake yi a sito wata biyar. Manyanmu ba mugaye ba ne, abin da kunne ke ji da abin da ido ke gani suke so, mu kuwa abin da muke tsaro yana can cikin ƙarfe inda ba mai gani. Don haka duk abin da ka faɗa wa shugaba ka bi shi da takarda, ka kuma iya bakinka fiye da yadda na iya nawa. Amma in an zo kan abin da ka san zai bar mutane a tsakiyar ruwa, ka mai da hannunka baya ka riƙe, ko wa ke tsaye a gabanka.

Watan jiya da na je cike takardun ritaya, magatakarda ya buɗe fayil ɗina ya ga gargaɗin nan har yanzu yana ciki, takardar ta yi ja don tsufa. Ya ce ai ya daɗe, in ina so ya cire ta kafin a rufe fayil. Na ce masa ya bar ta inda take. Duk cikin takardun nan, ita kaɗai ce ta faɗi irin aikin da na yi.